Ɗigon jini a yatsa: yadda ciwon zuciyar wata mai wake da shinkafa a Aboabo ya ɓuya wata huɗu

Wace ce ita

Shekarunta 58 lokacin da abin ya fara. Ba zan faɗi sunanta ba, Hajiya zan riƙa ce mata kamar yadda kowa ke kiranta a layinsu. Da yardarta da ta babbar 'yarta na rubuta wannan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Zangon Kumasi, kuma ina cikin labarin tsundum, domin ni na fara soka mata allura a yatsa.

Sana'arta wake da shinkafa, abincin nan da mutanen gari suka ari sunansa daga bakinmu suke ce masa waakye. Ta haura shekara talatin tana kafa tebur a bakin titi a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Ƙarfe uku na dare take tashi ta hura wuta, ta ɗora wake da karan dafi da 'yar kanwa, ta koma kan miya da shito, baƙin yajin nan na Ghana. Kafin bakwai na safe layi ya miƙe: direbobin pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, 'yan makaranta, masu sammakon zuwa Kejetia da Adum. Ba ta zama ta ci abinci kamar kowa. Ɗanɗanon gishirin miya ne, da guntun ganda, da rabin ƙwai, da ragowar taliya a gindin kwano, sai shayi mai kauri da madarar gwangwani har sau uku kafin azahar.

Nauyinta kilo 91, tsayinta mita 1.60. Ba ta shan taba, goro kawai take ci. Mahaifiyarta ta yi shanyewar ɓarin jiki tana wajen shekara sittin. Yayanta namiji, makanike a Suame, a bakin aiki ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa, aka ce kwana ne ya ƙare, ba a sake ta da maganar ba. Ita kanta an taɓa gaya mata jininta ya hau lokacin gwajin lafiyar maniyyata a 2017. Ta sha magani kamar wata biyu, da ta ji garau ta ajiye. Abin da ba ta taɓa rabuwa da shi ba shi ne ƙwayar ciwon gwiwa, dikulofenak, da take saye a kemis ɗin unguwa. Wannan ƙwayar tana ta da hawan jini, tana kuma cin ciki.

Asabar 24 ga Fabrairu 2024: gwajin farfajiyar masallaci

Makonni kaɗan kafin azumi, mu 'yan Zango masu aikin lafiya muka shirya gwaji kyauta a farfajiyar wani masallaci. Mun saba zuwa da abin awon jini da na suga. A wannan karon wani bawan Allah ya ba mu aron na'urar da ke auna kolestarol, wato maiƙon da ke yawo cikin jini, daga ɗigo ɗaya na yatsa. Girmanta bai wuce wayar hannu ba. Cikin minti biyu zuwa uku lamba ta fito, alhali a ɗakin gwaji sai an ja jini a jijiya, mutum ya biya, ya koma gida, ya sake biyan kuɗin mota ya dawo karɓar takarda.

Irin waɗannan na'urori su ake kira bayosensa. Sirrinsu yana jikin ɗan siririn fallen da ake cusawa a bakin na'urar, wanda muke ce wa sitirip. An shafa masa wani sinadari da aka samo daga halitta mai rai, enzayim, wanda abu guda kawai ya sani a cikin jini. Na suga, suga yake kamawa. Na kolestarol, in ya haɗu da maiƙon sai ya narka shi ya fitar da wani ruwa da ke sauya launin fallen ko ya haifar da 'yar wutar lantarki, na'urar ta auna yawan canjin ta juya shi lamba. Wani masani Ba'amurke, Leland Clark, shi da abokin aikinsa Champ Lyons suka fara bayyana dabarar a 1962, kuma a 1987 aka fara sayar da ƙaramar na'urar suga mai aiki da wannan dabarar ta auna 'yar wutar lantarki wadda mutum zai riƙe a gida. Tun da enzayim daga abu mai rai ya fito, zafi da laima suna kashe masa ƙarfi. Shi ya sa a jikin kwalbar aka rubuta kada a ajiye ta inda zafi ya wuce digiri 30, kuma a rufe ta da zarar an zari ɗaya.

Hajiya ta iso wajen ƙarfe ɗaya, bayan ta tashi daga kasuwa, ita ce ta sittin da wani abu a layi. Awon jininta ya nuna 158/96. Suga 9.8, amma ta ce yanzun nan ta sha shayi da burodi. Duk lambobin suga da na maiƙo da zan kawo a ma'aunin mmol/L suke, wanda asibitocin Ghana ke amfani da shi.

Sai aka zo kan sabuwar na'ura. Yatsunta sun yi kanta, shekara talatin na ɗaukar tukunya da zafinta. Na soka, jini ya ƙi fitowa. Na sake sokawa, ya ɗan tsatso. Mutane na jira a bayanta, rana ta take, sai na kama yatsan na matsa da ƙarfi tun daga gindi har ɗigon ya taru. Kwalbar sitirip tana gefena a buɗe tun hantsi. Lamba ta fito: 4.6. Abin da ake so shi ne ƙasa da 5.2.

Na ɗauko jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019, wanda ake haɗa shekaru da jinsi da shan taba da hawan jini da ciwon suga da kolestarol a ga haɗarin kamuwa da ciwon zuciya ko shanyewar jiki cikin shekara goma. Na duba ta a shafin waɗanda ba su da suga. Ta faɗa gidan rawaya, mataki na biyu daga ƙasa cikin biyar.

Na ce, "Hajiya, maiƙonki lafiya lau. Jinin ne ya ɗan hau, ki daure ki je asibiti a sake dubawa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. To 'yata, jinin ai rana ce da gajiya. Tun uku nake tsaye."

Na rubuta mata lambobin a 'yar takarda, ta ƙulle a bakin zani. Ba mu ɗauki lambar wayarta ba. Ba ta je asibiti ba.

Maris zuwa tsakiyar Yuni: "olsa ce"

A cikin azumi ta fara jin wani zafi a ƙahon zuciya, kamar an ɗora mata garwashi, wani lokaci ya hau har maƙogwaro da muƙamuƙi. Kowa ya ce yunwar azumi ce ta taso da olsa. A kemis aka ba ta farin ruwan maganin ciki da omefirazol. Wata ƙawarta ta kawo mata jiƙon saiwoyi a gora. Bayan Ƙaramar Sallah zafin bai tafi ba.

Daga baya, da muka zauna da ita muna bin abin daki-daki, sai ga wani abu da ba wanda ya tambaye ta a lokacin. Zafin ba ruwansa da ci ko rashin ci. Yana zuwa ne in ta sauke babbar tukunya daga murhu, ko in ta hau matakalar sabuwar kasuwar Kejetia da kaya a ka. In ta tsaya ta jingina minti biyar sai ya lafa. Wannan ba halin gyambon ciki ba ne. Halin jijiyar zuciya ce da ta tsuke, jinin da ke wucewa yana isa in mutum na zaune, ba ya isa in ya motsa. Mata da masu ciwon suga sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin nan na dafe-ƙirji-a-faɗi da kowa ya sani. Nasu kan zo da ƙwarnafi, ko kasala, ko haki, ko gumi.

'Yarta ta taɓa ce mata su je a duba zuciya, tun da abin da ya sami kawunsu. Hajiya ta kwance bakin zani ta nuna mata takardata. Ta ce na'ura ta duba, maiƙo lafiya lau.

Alhamis 20 ga Yuni: daga 3:20 na dare zuwa azahar

Kwana huɗu bayan Babbar Sallah, gida cike da soyayyen naman layya.

3:20. Tana tsugune tana hura wuta zafin ya taso, wannan karon bai lafa ba. Gumi ya jiƙe mata riga, ta yi amai sau ɗaya.

4:40. Da aka ga maganin ciki bai yi komai ba, aka tashi wani maƙwabci mai pragya. Ba wanda ya tuna da 112, lambar motar ɗaukar marasa lafiya.

5:00. Suka isa wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Awon jini 170/100, suga 13.2. Ma'aikacin da ke bakin aiki ya kyauta da ya yi tunanin zuciya. Ya yi mata ECG, hoton bugun zuciya a takarda, bai ga wani abin a-zo-a-gani ba.

5:10. Ya ɗebi jini ya yi gwajin turoponin na gaggawa. Wanda ya taɓa ganin gwajin maleriya na kemis ya san kamarsa: 'yar farar roba mai taga, a ɗiga jini, a jira kamar minti 15. Layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Layi ɗaya ya fito.

Turoponin wani furotin ne da ke zaune cikin naman zuciya. Ba ya fita sai naman ya fara mutuwa, sannan ya tsiyayo cikin jini. A cikin robar akwai wasu 'yan sinadaran garkuwar jiki da aka dasa a layi, aikinsu su cafke shi in ya zo wucewa, taruwarsu ce ke zama jan layi na biyu. Wannan gwajin daban yake da na kolestarol. Na kolestarol yana faɗin abin da ka iya faruwa nan da shekaru, na turoponin yana faɗin ɓarnar da ta riga ta auku. Amma tsiyayar a hankali take. Sai an yi awa biyu zuwa uku kafin ya fara hawa a jini, irin wannan robar mai layi kuwa tana iya buƙatar awa shida kafin ta gan shi. Yana kaiwa ƙololuwa wajen kwana guda, ya daɗe har mako ɗaya zuwa biyu bai gama sauka ba. Manyan injinan ɗakin gwaji masu kaifin gani suna hango shi tun yana ɗan mitsitsi, shi ya sa a inda ake da su ake iya maimaita gwaji bayan awa ɗaya kacal. Lokacin da aka ɗebi jinin Hajiya, ciwon bai cika awa biyu ba.

5:40. Aka yi mata allurar maganin olsa, aka sa ruwa. Ba a ba ta asfirin ba, don in olsa ce asfirin na iya sa ciki ya yi jini. Aka ce in ruwan ya ƙare ta koma gida.

6:30. 'Yarta ta kira ni. Ta ce, "Anti, Mma ce ba lafiya, amma an gwada zuciya an ce ba ita ba ce." Na tambaye ta ƙarfe nawa ciwon ya fara, ƙarfe nawa aka ɗebi jini. Da ta faɗa, na ce kada su yarda su fita daga asibitin, ga ni nan.

Na same ta a kishingiɗe, zafin ya ragu, tana ta faɗan an bar wake a kan wuta. Tafin hannunta sanyi ƙalau, goshinta da danshi. Na roƙi ma'aikacin a maimaita gwajin in ciwon ya cika awa shida. Bai yi gardama ba, sai dai ya ce kuɗin gwaji na biyu daga aljihunsu zai fito. Hajiya ta ce ba za a ƙona kuɗi a kan abin da aka riga aka gani ba. 'Yarta ta fita ta ciro kuɗin a wayarta, ba ta ce mata komai ba.

9:30. Gwaji na biyu. Mu uku muka sunkuya a kan robar. Wajen minti na goma wani layi ya fara bayyana, dishi-dishi kamar zanen fensir da aka goge. Kafin minti 15 ya fito sosai. Aka sake ECG, wannan karon layin ya lotsa ƙasa a wurare da dama, abin da babu shi da asuba.

9:55. Aka ba ta asfirin miligiram 300 ta tauna. Aka rubuta takardar tura ta gaba.

11:30. Ta isa sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee.

20 zuwa 26 ga Yuni: abin da ɗakin gwaji ya nuna

Likitoci suka tabbatar bugun zuciya ne, wato wani sashe na naman zuciya ya fara mutuwa don jini bai isa gare shi ba, irin wanda jijiyar ba ta toshe ruf ba, gudan jini ya tare mafi yawan hanyar ya bar 'yar kafa. Aka sa ta a kan magungunan hana jini daskarewa, na ƙwaya da na allura, da atobastatin mai ƙarfi don sauke maiƙo, da na hawan jini. Hoton zuciya ya nuna wani ɓangare na bangon ba ya motsi yadda ya kamata, amma bugun gaba ɗaya bai faɗi ƙwarai ba.

Jinin da aka ja a ranar farko ya nuna jimillar kolestarol 6.8. HDL, wanda ake ce wa mai kyau, 1.0. Tiragilisarayid 2.4. LDL, wanda ke liƙewa a bangon jijiya, 4.7. Kolestarol kan sauka ne a kwanakin da ke bin bugun zuciya, ba ya hawa, don haka ba ciwon ne ya kumbura lambar ba. Kuma ba a tashi daga 4.6 zuwa 6.8 cikin wata huɗu saboda naman Sallah.

Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya ba da kashi 8.1. Daga 6.5 ake cewa ciwon suga ne. Kafin likitan ya amince da lambar sai da ya tambayi rukunin jininta na gado, saboda a ƙasar nan masu ɗauke da S, na sikila, da ɗan'uwansa C suna da yawa, kuma wasu na'urorin HbA1c suna rikicewa da irin wannan jinin. Nata AA ne. Sugan safe kafin cin komai 9.4, ya ƙara tabbatarwa. Aka fara mata metfomin, maganin suga, aka hana ta dikulofenak kwata-kwata.

Da na koma gida na buɗe jadawalin nan na sake duba ta da lambobin gaskiya, a shafin masu suga. Ta bar gidan rawaya ta hau mataki na gaba, ruwan goro.

Yuli: binciken na'urar

Muka karɓo na'urar da ragowar sitirip ɗin. A cikin kwalinta akwai 'yan kwalabe biyu na ruwan gwaji, wanda kamfani ya riga ya san lambar da ya kamata ya bayar. Ana ɗiga shi a maimakon jini don a ga ko na'ura na faɗin daidai. Ba mu taɓa buɗe su ba, kuma wa'adinsu ya wuce, sai da muka sayo sababbi. Da tsohon sitirip lambar ta faɗo ƙasa da iyakar da aka rubuta. Da sabuwar kwalba ta zauna daidai. Na'urar lafiyarta ƙalau. Muka bi sawu, ashe kwalin ya kwana biyu a but ɗin mota kafin ranar gwajin, a watan da zafin Kumasi ke kai wa maƙura.

Sai na gwada abu na biyu a kaina da abokan aiki uku, da sabon sitirip: ɗigon da ya fito da kansa, da ɗigon da aka matso da ƙarfi. Ga uku daga cikinmu na matsen ya fi ƙasa. Matsa yatsa yana tatso ruwan nama ya gauraya da jini ya tsinka shi.

Mutum 84 muka auna wa maiƙo a gwajin Fabrairun nan. Sunaye kawai muka rubuta. Ta hanyar sanarwar liman bayan sallar Juma'a muka samu 31 suka dawo. Sauran, mafi yawansu har yau ban san inda suke ba.

Agusta zuwa Satumba: ta ajiye magani

Hajiya ta murmure, ta koma bakin tebur tana zuba abinci, 'yarta da wata yarinya suna girki. Muka yi da ita duk wata zan zo gida da na'urorin. A ziyarar ƙarshen Satumba na sa ta wanke hannu da ruwan ɗumi da sabulu, ta saki hannun ƙasa na ɗan lokaci, na soka a gefen ɗan yatsan zobe inda kanta ba ta yi yawa ba, na share ɗigon farko, na jira na biyu ya taru da kansa. Kolestarol 6.1. A Agusta 4.3 ne. Awon jini 152/92.

Na juya mata fuskar na'urar ban ce komai ba. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan abin ba ya rufa wa mutum asiri."

Sati biyar ke nan rabonta da atobastatin da maganin hawan jini. Katinta na inshorar lafiya ya mutu, da ta je karɓar magani aka ce sai ta biya. Ga cinyoyinta na mata tsami, wata maƙwabciya ta ce maganin ne, wai in mutum ya saba da shi ya zama bawansa. Ga kuma jiki ya yi daɗi. Sai ta ci gaba da na suga kaɗai, shi da take ganin lambarsa kullum.

A nan zaune 'yarta ta danna *929# a waya ta sabunta katin. Tsamin cinya kuma muka kai wa likita. Ya duba, ya rage ƙarfin ƙwayar na ɗan lokaci, tsamin ya tafi, ya sake ɗagawa a hankali. Na yi mata bayanin abin da manyan bincike suka nuna, cewa duk saukar LDL da 1.0 yana rage haɗarin sake bugun zuciya ko shanyewar jiki da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Ba wannan ne ya shige ta ba. Cewa ta yi a kawo littafi a riƙa rubuta lambar, tana so ta ga ranar da za ta koma huɗu.

Oktoba 2024 zuwa Yuni 2025

'Yarta ta sayi littafin makaranta mai layi, ta ja masa gidaje: rana, awon jini, suga, maiƙo, magani. Ƙwayoyin safe aka ajiye kusa da abin sallah, na dare kusa da buta. Duk wata uku ana jan jini a ɗakin gwaji a rana ɗaya da na yatsa, mu kwatanta. Tazarar ba ta taɓa wuce 0.4 ba.

Abinci ne ya fi ba da wuya. Mai sayar da abinci ba ta iya daina ɗanɗano, kuma masu saye ba za su yafe miyar da ba gishiri ba. Abin da ya yiwu shi ne 'yar ta karɓi ɗanɗanon, aka kuma ware wa Hajiya 'yar tukunyarta: wake ya fi shinkafa yawa, daddawa a maimakon dunƙule, kifi a maimakon ganda da soye, ganye a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da shito. Shayi ya koma sau ɗaya, ba madarar gwangwani. Bayan la'asar tana tafiya a ƙasa minti ashirin zuwa talatin.

Da azumin Maris 2025 ya matso ta ce sai ta yi. Likita ya duba ta, ya ce tun da wata takwas sun wuce ba ciwon ƙirji za ta iya gwadawa, da sharaɗi. Aka mayar da magunguna sahur da buɗa-baki. Za ta auna suga da hantsi da la'asar, in ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, ko ta ji jiri ko nauyin ƙirji, ta karya nan take. Ta aika aka tambayi malaminsu, ya ce sokar yatsa ba ta karya azumi, kuma Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. Kwana huɗu ta sha, ta rama su bayan Sallah.

A Yuni 2025, shekara guda cif, ɗakin gwaji ya nuna jimillar kolestarol 3.9, LDL 2.0, HbA1c 7.0. Awon jini 132/82, nauyi kilo 85. LDL bai kai inda ake so ga wanda ya taɓa bugun zuciya ba, wato ƙasa da 1.8, likitocin Turai ma tun 2019 suna cewa 1.4. Ba ta sake kwanciya asibiti ba. Ba ta kuma iya ɗaga babbar tukunya, in ta hau matakala tana tsayawa a tsakiya ta huta.

Yadda nake ganin lamarin

Sau biyu gwajin gaggawa ya ba da amsar da ta kwantar da hankali alhali akwai ciwo, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na Fabrairu kuskuren hannu ne, nawa da na waɗanda muka yi aikin tare: sitirip da zafi ya dafa, kwalba a buɗe, yatsa da aka matse, ruwan gwaji da ba mu taɓa ba. Na asubahin Yuni kuwa robar gaskiya ta faɗa, a 5:10 turoponin bai taru ba. An dai tambaye ta da wuri, aka kuma ɗauki "babu tukuna" a matsayin "babu".

Amma abin da ya fi ci mini rai ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ko da babu na'urar maiƙo sam a farfajiyar nan, 158/96 da suga 9.8 a jikin mace mai shekara 58 da kilo 91, wadda uwarta ta shanye, yayanta ya faɗi, sun isa a ce ta dawo gobe da safe ba ta ci komai ba, a kama hannunta har gaban likita. Jadawalin Hukumar Lafiya ma yana da shafin da ba ya buƙatar ɗiban jini ko kaɗan, nauyi da tsayi ne suke maye gurbin kolestarol. Tsohon abin awon jini ya yi aikinsa. Ni ce na ba sabuwar lamba girman da ya danne sauran, na fara da "lafiya lau", ita kuma abin da ta ƙulle a zani ke nan ta yi wata huɗu tana kare kanta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka kashe a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, kuma na tabbata da yawansu sun taɓa jin wani ya ce musu jinin ya "ɗan hau".

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa a ajiye na'urorin. Ba don robar turoponin ba, da ƙaramin asibitin nan ba shi da abin da zai nuna a tura ta Gee kafin azahar. Ba don lambar da ta fito a tsakar gidanta cikin minti uku ba, da ba mu san ta bar magani ba sai a ranar asibiti ta gaba, in ma ta je. Matar da ke tashi ƙarfe uku ba za ta rufe tebur kwana biyu don jan jini da karɓar takarda ba, kuma mafi yawan matan Zango haka suke. Inda na'urar ta yi amfani, akwai wanda ya san ƙarfe nawa ciwo ya fara, ko wanda zai dawo wata mai zuwa da littafi a hannu.

Kafin azumin 2025 mun sake yin gwajin a farfajiyar nan. Sitirip a cikin kula ya zo, aka ajiye a inuwa, muka fara da ruwan gwaji kafin a taɓa yatsan kowa, aka sa bokitin ruwan ɗumi da sabulu a bakin layi. Mun rage yawan mutane zuwa hamsin. Duk wanda jininsa ya kai 140/90, ko me na'urar maiƙo ta ce, sai mun rubuta lambar wayarsa da ta wani nasa a gida, mu kira bayan mako biyu mu ji ko ya je asibiti. 'Yar Hajiya ce ta riƙe littafin sunayen. Mutum 53 na bara da ba su dawo ba, liman ya sake sanarwa a kansu Juma'a biyu a jere, shida suka zo.